Lalle a hannuna

Daren Alhamis, Aliero

Yau an sa mini lalle, har yanzu ban gama yarda ba.

Tun ina ƙarama, da rana ta taɓa bayan hannuna sai ya yi bororo, ya fashe, ya bar tabo. A bikin Yaya Saratu, Inna Hajo mai lalle tsallake ni ta yi, wai kada wasu su ɗauka. Bayan rumbun albasa na je na sha kukana.

Da likita ya ce ciwon gado ne a jini, ba a ɗaukarsa, sai na kama safar hannu da lema. Yara na tsokanata, amma fatar ta lafa.

Ɗazu ana lallen Zainabu ƙawata, na raɓe gefe. Inna Hajo ta ce, "Miƙo hannu, ɗiyata."

Na ce, "Inna, akwai tabo fa."

Ta shafa wurin da yatsanta. "Na gani. Ja zan sa miki, baƙin yana da zafi."

Da na dawo gida, Umma ta daɗe riƙe da hannuna tana kallon lallen. Can ta zare zobenta na azurfa ta zura mini.