Filo Uku daga Zanen Inna

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, in dai za a kira abin da nake ciki lafiya.

Kin tafi kin bar min umarni: kafin ki dawo, Auta ta koma kwana ɗakin yayyenta. Kika ce abu ne mai sauƙi, in zaunar da su mu ɗinka ƙananan filo na ado, kowa da nasa, ɗakin zai shiga ranta. Ni mai gyaran wutar lantarki ne, baiwar Allah. Na san waya, na san soket. Zare a allura kuwa sai da na yi minti ashirin ina lasa ina kai hari, babbar 'yarki Lauya tana tsaye a kaina tana faɗin ba haka Mama take yi ba.

Ranar Asabar muka baje a falo. Na sayo auduga buhu guda. Kafin in juya, ɗanki Injiniya ya farke buhun don ya ga abin da ke ƙasa, ya kuma kunna fanka. Har yau muna tsintar auduga a cikin takalma. Filonsa ma cewa ya yi sai an yi masa siffar mota. Muka yi, ya fito kamar dankali, ya ɗinka masa maɓallai huɗu ya ce tayoyi ne. Auta ta cusa wa nata cokali biyu da makullin babur ɗina, sai da muka farke ɗinkin bayan na yi rabin yini ina nema. Yatsuna kuwa babu wanda allura ba ta gaisa da shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na ce su kawo tsohon yadi daga ɗakinki. Suka kawo shuɗin zanen nan mai ɗigon fari da ke ƙasan akwati. Aka yanka. Sai da aka gama na gane na marigayiya Inna ne, wanda kika ce shi kaɗai ya rage miki na mahaifiyarki. Yara ne, kin san halinsu. Na yi musu faɗa sosai.

Ki yi haƙuri. Ki gaida abokan karatu.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan, ko da yake na san ba ita ba ce. Kwana goma ke nan. In na kira, ki ce a ba yara waya, ku sha hira, in ta dawo hannuna sai in ji ƙit. Da kin zage ni da ya fi min sauƙi.

Gidan nan ma ba a bar ni na huta ba. Lauya ta ga wasiƙar farko kafin in rufe ta, kuma tun ranar take kawo min abinci ba tare da ta dube ni ba. Jiya ta tsare ni a bakin ƙofa, hannu a ƙugu kamar ke, ta ce, “Baba, ko ka faɗa mata ko in faɗa.” Shekararta goma sha ɗaya! Wa ya koya mata wannan, in ba ke ba?

To, ga gaskiya. Injiniya ne ya ɗauko zanen, amma ni na riƙe almakashi. Lauya ta ce min, “Baba, wannan na Kaka ne.” Ina kan waya da wani mai gida da wutarsa ta lalace, na ɗaga mata hannu na ce tsumma duk tsumma ne, na tsarga shi gida huɗu. Ban yi wa kowa faɗa ba, don ba wanda ya yi laifi sai ni. Na ji kunya ne na laɓe bayan yara, kuma wannan ya fi yankan muni.

Na kwashi filon yaran na kai wa telan bakin layi ko zai iya mayar da zanen yadda yake. Ya juya filon Injiniya, ya ga tayoyin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in bar wa Allah.

Abin da ban faɗa miki ba, Auta ta koma ɗakin yayyenta tun ranar da muka yi ɗinkin. Ba roƙo, ba kuka. Takan rungume filonta ta ce ƙamshin akwatin Mama yake yi. Ko wanka za a yi mata, sai an ajiye shi inda za ta riƙa hango shi. Umarninki ya cika, amma ban so ya cika ta wannan hanya ba.

Ƙyalle na huɗu yana wurina. Na zauna ni kaɗai na ɗinka shi, ba Lauya, ba tela. Kwana uku na yi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwa guda kuma ta ƙi fitowa duk yadda na tura ta da biro. Jan ɗigon da za ki gani kusa da bakin ɗinkin ba adon zanen ba ne, yatsana ne.

Na ba direban da ke kawo miki saƙo. Ba cewa nake ya maye miki zanen Inna ba, na san ba zai maye ba. Amma kin yi wata biyu kina kwana a ɗakin da babu komai naki a ciki. In kin ga dama ki sa kanki a kai. In kuma jifana za ki yi da shi, ki riƙe shi har ki dawo, zan tsaya cak. Na duba da kyau, babu cokali a ciki.

Ki kira ni, ko don ki yi faɗan.

Naki, mai laifi,
Baban yara