Wanda Ya Haɗa Usaini da Ɗanliti

Makoda, Litinin

Zuwa ga Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba, an farfasa min waya.

Kin san Kwano Ɗaya, shafin da na buɗe a intanet bara. Mutum ya sa sunansa da garinsu, ni kuma in haɗa shi da wanda bai sani ba, su ci abincin rana tare a rumfar Hajiya Humaira ranar kasuwa. Mutum ɗari da wani abu suka ci a rumfar nan, ko cacar baki ba a taɓa yi ba.

Jiya aka haɗa wasu manoma biyu, Usaini da Ɗanliti. Usaini ya riga zuwa, ya wanke hannu, an ajiye masa shinkafa da wake. Ɗanliti ya shigo da buhun taki a hammata. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Kai ne mai tuge min iyakar gona?" Ya zaro lauje ya kai masa sara a wuya. Usaini ya kare da hannu, yatsunsa uku suka faɗa cikin kwanon. Sara na biyu ya same shi a kafaɗa kafin 'yan acaɓa su danne Ɗanliti. Hajiya tana ta salati, jini har kan tukunyarta.

Bayan la'asar 'yan'uwan Usaini suka zo shagona da gorori. Suka ragargaza kwamfutar, suka jawo ni titi. Haƙorina ɗaya ya fita, haƙarƙarina biyu sun tsage. Liman ne ya kwanta a kaina suka bari. Na rantse musu na'ura ce take haɗa mutane, ni ban san da rigima a tsakaninsu ba.

Kada ki faɗa wa Inna.

Ƙaninki,
Mika'ilu

Tofa, Laraba

Mika'ilu,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya. Ga man zafi nan da zuma.

Na yi kuka da na karanta, sannan na sake karantawa. Wace na'ura? Da ƙaramar Sallah ina zaune kusa da kai kana haɗa mutanen nan da biro, kana cewa wane zai ji daɗin hira da wane. Kuma su biyun 'yan garin Kawu Dabo ne. Ni da nake aure a Tofa na san shekara uku suna shari'a kan gonar nan, balle kai da kake zuwa duk Juma'a. Ka ce shafinka na waɗanda ba su san juna ba ne. To yaya aka yi Usaini ya ga sunan Ɗanliti ya wanke hannu ya zauna jiransa?

Ka yi wa masu gora ƙarya don ka tsira, wannan na fahimta. Ni ban zo da gora ba. Ka rubuto min gaskiya.

Yayarka,
Sauda

Makoda, Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da saƙo, na fara iya kwanciya ta gefen dama.

Usaini bai ga sunan Ɗanliti ba. Sunan ƙarya na rubuta masa, wai Khalilu, mai sayar da iri daga Rimin Gado.

Kwana takwas kafin abin, Ɗanliti ya zo shago ya durƙusa. Ya ce, "Malam Mika'ilu, na gaji da gabar nan. So nake mu ci abinci tare in roƙe shi gafara, amma in ya ji sunana ba zai zo ba." Har hawaye ya share. Ba zan ɓoye miki ba, ba tausayinsa kaɗai na ji ba. Hotonsu na hango a shafina, hannu biyu a kwano ɗaya, ana cewa abin da dagaci da alƙali suka kasa Mika'ilu ya yi shi da shinkafa da wake.

Yanzu Ɗanliti yana hannun 'yan sanda. Ya ce haɗuwa ce kawai, gyaran lauje ne ya kai shi kasuwa, Usaini ne ya fara zaginsa. In na yi shiru, faɗa ne ya kaure. In na yi magana, shiri ya yi, kuma da hannuna a ciki. Shekaranjiya yayansa ya tare ni a bakin masallaci da rana tsaka, ya shaƙe min wuyan riga ya buga kaina da bango. Ya ce, "Ka buɗe baki, laujen gidanmu ba ɗaya ba ne."

Na rufe shafin. Jiya na rubuta wa Usaini duk abin da na faɗa miki, na ba Liman ya kai masa asibiti. Litinin zan je caji ofis. In kin ji shiru, to sun riƙe ni. Sai ki zo ki faɗa wa Inna da bakinki.

Ki yafe min.
Mika'ilu

Asibiti, Lahadi

Malam Mika'ilu,

Sallama. Ni ce Maimunat, matar Usaini. Shi ya sa ni rubutun nan, tunda ka san hannunsa ba ya iya riƙe biro.

Na karanta masa takardarka sau biyu. Likita ya ce hannun ba zai ƙara riƙe fartanya ba.

Usaini ya ce ka faɗa a gaban alƙali kamar yadda ka rubuta, ba ragi. Ya hana ƙannensa su ƙara taɓa ka. Maganar yafiya, ya ce kada ka tambaye shi yanzu.

Gyaɗarmu ta isa cira, kuma ba mai cire ta. In 'yan sanda sun sake ka, ka san gonar. Ka tsaya a can, kada ka shigo gida.

Wassalam,
Maimunat