Tunjere ne, ba tsufa ba

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau sakamakon gwajin asibiti ya fito. Abin da ke damun mijina, Baban Amina, ba mantuwar tsufa ba ce, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba kuma sammun da yayarsa Hajara take rantsuwa a kai ba ne. Tunjere ne, irin wanda ake ɗauka ta saduwa, tsohon ciwon da ya kwanta shekaru, sannan ya hau ƙwaƙwalwa.

Likitar da ke duba shi ta fara zargi ne da ta haska masa tocila a ido ƙwayar ta ƙi tsukewa. Ta sa ya tsaya ya rufe ido, sai ya yi tangaɗi. Jini ya nuna alama, amma ta ce sai an ɗebi ruwan ƙashin baya za a tabbatar. Nan Yaya Hajara ta tare ƙofa, wai allurar baya gurgunta mutum take yi.

Na ce, "Yaya, hayaƙin da kuke masa tun azumi ya sa ya tuna sunan 'yarsa?" Na sa hannu aka ɗiba.

Na san ta inda ciwon yake shiga, na yi karatu. Gobe ni ma za a ɗebi jinina, kuma raina tafasa yake yi. Amma ciwon yana jin magani, an ma fara yi masa allura ta jijiya. Likitar ba ta yi alkawarin komai zai dawo ba, ta ce dai za a tsayar da ɓarnar.

Faɗan da zan yi da shi kan inda ya kwaso ciwon, na ajiye shi. Allah Ya tashi kafaɗarsa, don so nake ya fahimci kowace kalma.