Faifan da Na Goge Yana Nan Cikin Akwatin Kawu

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Masu zagi kuma ku dakata ku ji ƙarshe, ai na riga ku zagin kaina.

Gyaran kwamfuta nake yi a Jimeta. Kawuna mai ɗaukar hoto ne, a Mubi shagonsa yake kafin tashin hankali ya koro mu. Ranar gudu ko tabarma bai ɗauka ba, sai ya kwance faifan ajiya na kwamfutocinsa ya zuba a buhu, ya ɗora wa matarsa Goggo a ka. Ita ta sha kaya, shi ya sha suna. Tun da muka sauka a Jambutu ba wanda ya huta da labarin nan. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sanar cewa tarihin Mubi kaf yana ƙarƙashin gadonsa, alhali yawanci hotunan fasfo ne da na 'yan siyasa suna yaƙe haƙora.

Bana ya ga wani bidiyo a waya, ya kira ni. "Ɗana, saba nake so a gida, babbar kwamfutar ajiyar nan. Ka haɗa min faifan nan duka a akwati ɗaya, dangi kowa ya zuba nasa." Mutumin da har yau idan faifai ya ƙi buɗewa iska yake hura masa da baki! Na ce masa madabod ɗin, wato allon da komai ke maƙale a jikinsa, baki huɗu gare shi, faifai kuwa bakwai ne har da sababbi biyu da ya sayo. Ya ce, "To ka ƙara masa baki mana, me ka karanta a makarantar?" Na sayo katin ƙari na soka, wayoyi suka cika akwati kamar taliya. Yana tsaye a kaina, ya ja wannan ya taɓa wancan, yana koya mini aikina. Raina ya ɓaci, na ce bari in nuna masa sauri. Abin da na manta shi ne da zarar an sa kati, jerin faifan a allo yana canjawa. Na tashi share sabon faifai don in haɗe shi da ɗan'uwansa, na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na danna ko karantawa ban yi ba. Ashe mafi tsufa na goge. Ni da nake yi wa tsoho dariya, wa ya fi wani jahilci a ɗakin nan?

A faifan ne hotunan Buba suke, ɗan Adda Mairo, babbar 'yar Kawu. Buba ya ɓace a ranar gudun, hotunan da ke hannunta kuma sun ƙone tare da gida. Shekara da shekaru tana roƙon mahaifinta ya ciro mata ko ɗaya ne, yana cewa sai ya samu lokaci. Lokacin zaman majalisa dai bai taɓa rasawa ba.

Da na gane abin da na yi, sai na faki idonsa na ɗauko wani mataccen faifai mai kama da shi a jakata, na miƙa masa. Na ce, "Kawu, wannan ya mutu, jijjigar hanya ce." Nan take ya juya kan Goggo: "Ke ce kika yar da buhu a bakin rafi, na faɗa!" Ita kuwa ta ci gaba da tsince shinkafarta. Har yau da wannan yake yi mata gori a gaban baƙi, yana ɗaga mataccen ƙarfen da ko hanyar Mubi bai sani ba. Ina jin kunya, wallahi, kunya mai ɗaci.

Ga inda gizo ke saƙar. Faifan gaskiyar yana cikin akwatin yana aiki. Na gwada tambayar abokina Emeka, wanda ke dawo da abin da aka goge, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce, "Oga, ka gaya wa mutumin ya cire shi yau yau. Tsohon abu yana nan, amma duk sabon da ya shiga yana taka shi." Kawu kuwa kullum sai ya zuba bidiyon taron siyasa. Ɗakin a kulle yake, makulli a aljihunsa, kuma a haɗe faifan yake da sabon, in na zare shi komai zai tsaya. Ba hanyar sata. Sai dai in durƙusa gaban mutumin da na raina in ce ni ne, in ji shi yana baza ni a majalisa har ƙarshen rayuwarsa.

Jiya Adda Mairo ta zo shagona da wayarta, cike da hotunan sunan jikarta. Ta ce, "Ƙanena, ka sa min su a na'urar Baba, kar su ɓace kamar na Buba." Na karɓa, na ce to. Wayar tana aljihuna yanzu, gobe za ta dawo karɓa. In na zuba, wataƙila a kan fuskar ɗanta zan zuba su.

Me zan yi?