Odinatar Ta Bebance

Tibiri, ƙarshen damina

Zuwa ga aminina Is'haƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sa'a da yara da duk mutanen Yamai. Mu nan sai godiyar Allah. Na gode da zuwan da ka yi gaisuwar rasuwar matata Mubarika, Allah ya bar zumunci. Ka yi haƙuri ban raka ka tasha ba.

Dalilin wasiƙar nan, odinatar ɗina, kwamfutar nan ta shago, ta bebance. Ranar da na sake buɗe shago na yi wa Linux mizajur, wato na sabunta shi, tun daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Sauran komi lafiya lau. Ina buga wa mutane takardunsu, rezon intanet na shiga, sauti ne kawai babu. Inda sunan lasifika yake fitowa, yanzu an rubuta wai babu na'ura. Kai ka koya mini tsarin nan tun muna makarantar lise a Dogon Dutsi, shi ya sa na kawo kukana wurinka.

Na gwada abin sauraro na kunne, shiru. Na cire pilot ɗin sauti, manhajar da ke sarrafa shi, na mayar, shiru. Na kai tambaya zauren masu Linux a intanet. Wani mutumin Kamaru ya ce in koma tsohon noyo, wato zuciyar tsarin, na koma, sai rezo ya ɗauke, sautin kuma bai dawo ba. Wani ya ce in riƙa karanta tsofaffin tambayoyi kafin in dami mutane. Na yi masa godiya.

Kada ka sa damuwata a ranka. Ina ci, ina barci. Mutane na shigowa shago su yi mini gaisuwa, in amsa, in tambaye su kwafi nawa za a yi. Jiya wata mata ta fashe da kuka a gaban teburina, na tsaya ina kallonta har ta gama, na miƙa mata takardunta.

Na haɗo maka da bayanin da na'urar ta fitar. Ka duba in ka samu sarari. Ka gaida Sa'a.

Naka,
Sama'ila


Tibiri, farkon kaka

Aminina Is'haƙa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya jikin ƙaramar taku? Allah ya ƙara sauƙi. Amsarka ta iso, na ga layin da ka ce in ƙara a cikin fayil ɗin saiti.

Ka tambaye ni me mai buga takardu zai yi da sauti har ya hana kansa sakat. Ga amsa. Mubarika ba ta son rubutu a waya, saƙon murya take aiko mini, ko da daga gida zuwa shago ne. Duk sa'ad da wayata ta cika sai in kwashe su in zuba a odinatar, ba don wani tunani ba, don dai in samu wuri. Waccan wayar ta ɓace a ranar da munka kai Mubarika likita Dogon Dutsi, ban san inda ta faɗi ba. Tata kuma an ba ƙanwarta, an goge komi. Abin da ya rage na muryarta yana nan gabana, a cikin wannan abin da ba ya magana.

Wanta Zakariya ya zo daga Dumega a kan babur. Ya ce Inna Ladidi, mahaifiyarsu, ta ji labarin saƙonnin, tana so ta ji muryar ɗiyarta. Ka san idanunta sun tafi, hoto ba ya yi mata amfani. Ya ce tun rasuwar ba ta cin abin kirki, ƙafafunta sun kumbura. Na ce masa na'ura ta lalace, ana gyara. Ya sake dawowa ranar kasuwa, na sake faɗa masa haka. Ya daɗe yana kallon odinatar tana aiki.

Na san abin da za ka ce: in zuba su a kile, ɗan abin USB ɗin nan, in sa a rediyon kowa. Na sani. Kile yana cikin aljihuna ma. Kullum in na zauna zan yi, sai in ga na koma zauren intanet ina karanta matsalar wani mutum a wata ƙasa wanda allonsa ya yi baƙi. Har na warware wa mutum biyu tasu. Layin naka ban buga shi ba tukuna.

An fara yankan hatsi, gonarmu ta yi kyau bana. Mubarika ce ta zaɓi irin. Na ba maƙwabta su yanke.

Ka gaida gida.

Naka,
Sama'ila


Tibiri, bayan girbi

Is'haƙa ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida Sa'a da yara. Na ji daɗin jin ƙaramar ta miƙe. Ka yafe mini rashin ɗaukar kiranka.

Na buga layin. Na kashe na kunna, na sa gwajin lasifika, sai muryar wata baturiya ta fito tana faɗin hagu, tana faɗin dama. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Na rufe odinatar, na rufe shago, na ɗaure ta a bayan babur na kama hanyar Dumega, don na san in na kwana ba zan je ba.

Na tarar da mata suna sussuka a tsakar gida, Inna Ladidi tana kwance a ƙarƙashin rumfa. Ta rame ƙwarai. Zakariya ya tallafe ta ta zauna, na ajiye odinatar a kan tabarma kusa da kunnenta. Ban zaɓa ba, na danna wanda hannuna ya faɗa.

Mubarika ta yi sallama, Inna ta amsa mata. Saƙon ba wani abu ba ne, cewa take in biya wurin tela in karɓo mata zane, kuma kada in tsaya hira a hanya. Ana jin akuyarmu tana kuka a bayanta. Masu sussuka sunka ajiye taɓarya. Inna ta ce in maimaita, na maimaita. A karo na uku ta ce yarinyar nan mura take yi ranar, ko na saya mata magani? Na ce ban tuna ba. Sa'ad da saƙon ya zo ban ma lura da murar ba.

Haka munka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Wani wurin Inna ta yi dariya, wani wurin ta yi mata faɗa kamar tana gabanta. Anka kawo fura ta sha rabin kwano ba tare da an lallashe ta ba. Kowa a gidan ya yi kuka. Ni idona na kan alamar batir, ina kallonta tana raguwa, yatsana na dannawa. Mubarika na tsakiyar magana odinatar ta mutu. Inna ta ce a bar ta ta huta.

Har yanzu ban ji komi a raina ba, Is'haƙa. Ban sani ba ko yana tafe. Na zuba wa Zakariya duka a kile, amma Inna ta ce ita ba ta son rediyo, ni take so in zo in riƙa danna mata, don akwai abubuwan da za ta tambaye ni. Zan koma ranar Juma'a. Gidansu babu wuta, batirin kuma ya tsufa. In ka san yadda ake sa shi ya ƙara daɗewa, ka rubuto mini kafin ranar.

Allah ya bar mu tare.

Naka,
Sama'ila