Na Aika Yayana Librairie, Yanzu Ya Bar Mini Ordinatar

Assalamu alaikum jama'ar wanga shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na san zagi na nan tafe.

Ni da ɗan baffana, Yaya Isuhu, muna koyon rubuta manhaja a wata cibiya nan Konni. Shi lakwal ya yi, wato boko na Faransanci, ni kuwa Sakkwato na yi karatu, Faransancina duk a karye yake. In na buɗe baki cikin aji sai ya ce, "Ku saurara, ɗan Najeriya zai yi Faransanci!" A kwashe da dariya, har da 'yan mata. Ni ma in yi dariyar, amma wallahi na riƙe abin a rai.

To da aikin ƙarshe ya zo, ya ce rudun albasa zai zana, irin rumbun da ake aje albasa a garinmu Dogarawa, ya fito a allo yana juyawa, a ga ta inda iska ke shiga. Ya rubuta komi, amma abu ya ƙi tashi, sai jan rubutu mai nuna kuskure ke fitowa a allo. Ya zo mini da kai ƙasa: "Ƙanena, duba mini." Kallo ɗaya na gane. Laburaren 3D ne babu, wato tarin umarnin da ake saukowa da shi kyauta don zane ya fito. Na faɗi kalmar da Turancin Ingilishi. Ya ce, "Librairie? Shagon littattafai?" Ina iya gyara mishi nan take. Sai na ce, "E mana, Yaya, can ake saye."

Ya tafi fa! Ya bi shago shago cikin rana yana tambaya, ni ina baya da waya ina ɗauka. Na tura wa 'yan aji, sunka sa mishi suna Malam Librairie. Kun zaci na tsaya nan? Na je na ba shi haƙuri, na ce wasa ne, sannan na sa mishi tsohon laburare wanda na san sarai ba ya shiri da sabon Python ɗinshi, harshen da muke rubuta manhaja da shi. Kullum ya gwada, jan rubutu. Kullum ya zo, in taɓe baki in ce, "Yaya, anya ba rubutunka ne da matsala ba?" Kuma daɗi nike ji, ba zan ɓoye muku ba. Wane irin mutum ne ni?

Jiya ya shigo ɗakina da jaka a kafaɗa, ya aje ordinatar, wato kwamfutarshi, bisa tabarma. Ya ce, "Na gane kaina ba na wanga abu ba ne. Gona zan koma. Riƙe ta, kai ka san amfaninta. Kuma ka yafe mini dariyar da na riƙa yi maka." Ya hau mota ya tafi Dogarawa.

Yana fita na cire tsohon na sa sabo. Jama'a, rudu ya tashi yana juyawa, har da kibiyoyin iska, babu kuskure ko ɗaya cikin rubutunshi. Ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Jibi ake gabatar da aiki gaban malamai, wanda bai zo ba ya faɗi. In na kira shi, zai san tun farko na sani. In na yi shiru, zai tsufa yana cewa shi daƙiƙi ne. Abin da ya fi ba ni tsoro, tun jiya zuciyata ke ce mini ba wanda ya taɓa ganin aikin nan sai ni.

Me zan yi?