Wando Ɗaya Tsakanin Ƙawaye Biyu

Karakol, farkon Disamba

Zuwa ga yayata abin ƙaunata, Kalbubu eje,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Toktosun da yara, kuma ƙafar nan taki ta daina kumburi a wajen aiki. Mu nan sai godiya. Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri bana, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara sun cika dutse, shayi da soyayyen burodin borsok na rumfarmu ba sa kwana.

Bayan haka, eje, akwai abin da ke cina, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin tuna ƙaton wandon zamiya da rigar da mijinki ya bar mana da za ku tafi Mosko? Su ne rufin asirinmu ni da ƙawata Burulsun. Kin san jikinmu, Allah bai yi mana rowa ba. Duk shagon da muka shiga, na mata ya tsaya a gwiwa, na maza ya hau cinya ya ce nan ya gaji. Saboda haka muke karɓa-karɓa. Ta sa ta hau dutse ina zuba shayi, ta sauko ta tuɓe a bayan labule, na zura da ɗuminsa na hau. Ba mu taɓa hawa tare ba, amma duk wadda ta sauko sai ta ba 'yar'uwarta labarin wanda ya faɗi da wanda ya yi kuka.

To, Burulsun ta yi ɗinki. Gulnisa tela ta bayan kasuwa ta fara ɗinka kayan dutse daidai jikin mutum, da yadin nan da ruwa ba ya shiga. Shunayya ta zaɓa. Wandon ya rufe ƙugu har baya, rigar doguwa har cinya, ta ɗaga hannu babu inda ya buɗe. Wallahi ya yi mata kyau, kyan ne ma ya fi ƙona min rai. Ta miƙo min tsohon wandon a ninke ta ce, "Salkin, naki ne ke kaɗai yanzu, babu mai ƙara ce miki yi sauri." Na ce na gode. A raina kuwa ji na yi kamar sallamata ta yi.

Ki gaida yara. Na aiko musu da busassun 'ya'yan itace.

Ƙanwarki,
Salkin

Karakol, tsakiyar Janairu

Kalbubu eje,

Ina gaisuwa. Yaya sanyin can, yaya tarin ƙaramin? Wasiƙarki ta iso, na karanta inda kika ce in yi wa ƙawata murna. Na yi ƙoƙari, bai yiwu ba.

Wasu mata masu jiki irin namu suna zuwa daga Bishkek duk ƙarshen mako, Gulnisa ce ta ɗinka musu kaya. Sun maƙale wa Burulsun kamar ƙuda da zuma. Ita ke gaba suna binta a layi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Sun ma gutsure mata suna, wai Burul. Tun muna 'yan mata nake kiranta da cikakken sunanta, su daga zuwansu sun samu izini. Ta sauko yanzu, labarin da a da ni ake ba, su ake ba, ni kuma ina cika musu kofi. Rannan a gabana ta faɗi awon ƙugunta da ƙarfi tana dukan ciki, suka kwashe da shewa. Matar da a da ko madubi ba ta so!

Kullum sai ta ce, "Ki rufe rumfar nan mu hau tare mana, shayi ba ya gudu." In hau a cikin buhun Toktosun, a bayan shunayya? Allah ya kiyaye. Na ce ƙafata ke ciwo.

Jiya dai na je wurin Gulnisa. Ja na zaɓa. Eje, kada ki yi min faɗa. Awon da Burulsun ta faɗa yana kaina, na rantse sai nawa ya gaza nata ko da yatsa biyu ne. Gulnisa tana gaya wa kowa ya zo da rigunan sanyin da zai sa a ciki, ni na je da 'yar shara-shara. Da ta zagayo da tef na haɗiye cikina har idona ya yi duhu. Ta dube ni ta ce, "Saki tumbin, baiwar Allah, ba gidan surukai kika zo ba." Na ce iyakarsa ke nan. Ta ce in tsuguna kamar ina kan katakon zamiya, na ce gwiwa ba za ta bari ba. Ta taɓe baki ta ce, "Jikinki ne, ni ɗinki nawa." Nawa ya gaza na Burulsun da yatsa uku. Na fito ina jin kamar na ci gasa.

Ki yi min addu'a. Gaisuwa ga maigida.

Taki,
Salkin

Karakol, ƙarshen Fabrairu

Yayata Kalbubu eje,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Kayan sun fito. A tsaye babu na biyunsu. Ranar Asabar muka rufe rumfa, muka zauna ni da Burulsun a kujerar igiya ɗaya, irin mai kai mutane saman dutse, karon farko a rayuwarmu. Tana ta nuna min tafkin Isik-Kul can ƙasa tana riƙe min hannu kamar yarinya. Ni ban ga tafki ba. Ƙugun wandon ya shige min ciki, numfashi da ƙyar, hankalina kuma yana kan matan Bishkek da ke kujerar baya, ko sun lura na fi ta siranta.

Mun fara saukowa lafiya. A gangaren da ke kusa da itatuwa sai mutum ya durƙusa sosai, wandon ya ƙi. Na tafi a miƙe kamar sanda, na kife. Na yunƙura zan tashi, sai ji na yi ɓarrr, daga ƙugu har bayan gwiwa. Iska ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Mutane cike a wurin, ga na kan kujerar igiya suna leƙowa daga sama. Na zauna cikin ƙanƙara na ce Allah ka buɗe dutsen nan in shige.

Ɗaya daga matan Bishkek ta fashe da dariya. Burulsun ta juya ta ce mata, "Rufe bakin nan kafin in cika shi da ƙanƙara!" Ta tuɓe rigarta ta shunayya ta zura min, ta ja zif har wuya. Ita kuma ta sauko a gabana da rigar ulu kaɗai a cikin wannan iska, tana waiwaye tana jirana a kowace kwana. Eje, rigar ta zauna min cif, kamar da jikina aka auna. Babu yatsa uku, babu ko ɗaya.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita. Na dafa romon rago na kai mata, na tarar matan Bishkek sun riga ni, sun aiko da kwandon lemu an ajiye a gefen gado. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kin riƙe ciki, ko?" Na ajiye romon a gefen kwandon. Ta ce, "Ni ma na riƙe, Gulnisa ta sa ni rera waƙa sai da ya faɗo." Na tambaye ta ko ta fi son su da ni. Haka na tambaya, babu kunya, da furfurata. Ta yi tari ta ce, "Ke dai sakarya ce. Don wa na yi ɗinkin? Na gaji da saukowa in ba ki labari, so nake ki gani da idonki. Na jira ki duk hunturu, kina can kina auna tumbina."

Na yi kuka, eje, ba zan ɓoye miki ba. Da na share ido na jawo kwandon gabana, na zauna na ɓare lemun matan Bishkek na shanye tas, ban bar mata ko ɗaya ba. Romona ne zai warkar da ita. Tana kallona tana dariya tana tari, ba ta hana ni ba.

Ta ce in gaishe ki da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Salkin